Mai Banda da Harajin Ƙanƙara

Duk wanda ya shigo kasuwar ta ƙofar baya, hayaƙin Mai Banda ne ke fara yi masa sannu da zuwa. Rumfarta ce ta ƙarshe a layin masu kifi: gangunan ƙarfe da aka fafe, ragar waya a kan kowace, itace jibge a gefe, ita kuma a kan kujerar tsuguno da mafici a hannu. Ita ce shugabar layin. Mace ce mai zuciya da kyauta, in kika haihu ita za ta fara zuwa, in aka yi miki rasuwa ita za ta kwana. Amma fa Allah ya yi ta da riƙo. In ka taka ta yau, ko bayan ka yi furfura za ta gaya maka launin takalmin da ka taka ta da shi.

Ba da banda ta fara ba. Lokacin da mijinta ya rasu, keken ɗinkinsa ta sayar, ta haɗa da 'yan kunnenta, ta sayi firji uku na kwance. Ta riƙa zuba ruwa a gwangwanaye tana daskararwa, da safe matan layin kifi su zo su saya. Da wannan ƙanƙarar ta ciyar da marayunta, ta kai su makaranta, har ta ƙara ɗaki a gidan. A lokacin su uku ne masu wannan sana'a a garin, kowa da masu sayensa, ba mai jin kan wani.

Sai ga wani mutum ya kafa injin ƙanƙara a bakin titi, ƙaton gini mai rufin kwano, injin na ruri dare da rana. Ranar da ya fara, har rumfarta ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, yana ce mata Yaya. Kashegari ya karya farashi rabi, kuma har gaban tebur ake kai wa mata a baro. To, wa zai ƙi? Matan da ta yi wa bashi shekara da shekaru suka riƙa wuce ta suna sunkuyar da kai. Sauran biyun suka rufe, ita ta cije, ta cije, har kuɗin wuta ya fi cinikin. Da ta ga uwar bari, shi ne dai ya sake zuwa, wai don ya taimaka, ya sayi firjinta uku a kuɗin gwangwan. Bai ko jona su ba. A tsakar filin masana'antarsa ya jera su, inda duk mai wucewa zai gani, ya riƙa zuba dusar kajinsa a ciki. Wata bai zagayo ba farashin ƙanƙara ya haye inda yake a da, ya ƙara gaba. Tun daga nan garin ya zama mai ƙanƙara ɗaya ne tal, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Mai Ƙanƙara yake ce masa.

Asarar ba ta ci mata rai kamar dusar nan ba. Ta nan hanyarta take kowace safiya, tana iya canzawa amma ta ƙi, don kada wutar ta mutu. Ta koma banda ne musamman saboda sana'a ce da ba ruwanta da sanyi, ta kuma yi rantsuwa ko ruwan da aka jefa ƙanƙararsa ba zai bi ta maƙogwaronta ba. Ta cika kuwa. Kullum in ta idar da salla, bayan ta roƙa wa 'ya'yanta, sai ta ce Allah ya ara mata rana ɗaya a kan mutumin nan, ɗaya tak.

Cikin 'ya'yan nata, mazan duk sun watse neman abinci. Auta kaɗai ta rage mata a gari. Auta na da teburin ɗanyen kifi a layin, ɗan nesa kaɗan da rumfar uwar, kuma dole kanwar naƙi, ƙanƙarar mutumin take saya kowace safiya, ƙaramin dunƙule biyu, don shi ne daidai ƙarfinta. Mijin Auta mai walda ne, aikin yau akwai gobe babu. Wansa ya daɗe yana kiransa zuwa wani gari mai nisa, ya ce akwai aiki. Abin da ya hana shi tattara iyali shi ne teburin nan, tunda shi ke ciyar da gidan, ba shi da bakin cewa a tashi. Mai Banda ta san haka sarai. Ta san in teburin ya mutu, Auta ta tafi, da 'yan matanta biyu da ke biyowa ta rumfar in an tashi makaranta, su ci wutsiyar kifi su ɓata mata zane da mai.

Ana nan sai hukumar gari ta ce za ta gyara magudanar kasuwa, kuma daga ƙanƙara za ta nemi kuɗin. Aka tara shugabannin layuka a ofishin kasuwa, ɗan ɗaki mai benci uku da fankar da ta daina juyawa tun zamanin wani shugaban. Jami'in haraji ya zo, wani siririn mutum mai tabarau, mai magana a hankali. Ya ce haraji iri biyu ne a gabansu, kuma kuɗin da hukuma za ta samu ɗaya ne ko wanne aka ɗauka, shi ya sa aka bar wa kasuwa zaɓi.

"Na farko," in ji shi, "kuɗi ne tsayayye a kan kowane dunƙulen da ya fita ƙofarsa, ko da tsada ya sayar ko da araha. Na biyu kaso ne daga cikin kuɗin da ya sayar. Ba zan ɓoye muku ba, duka biyun zai ɗora muku wani abu, tunda ba ku da wani wurin saye. Amma ɗaya mari ne, ɗaya naushi."

Shugaban mahauta ya ce a fayyace musu.

"In kaso ne, duk ƙarin da ya yi, da mu zai raba, saboda haka ƙarin ba zai yi masa daɗi sosai ba. In ya sauke kuma, da mu za a raba ragin. Sai ya ga gara ya buga da yawa ya sayar da sauƙi. In kuwa na dunƙule ne, kowane dunƙulen da ya ƙara bugawa kaya ne a kansa, ƙarin farashi kuma nasa ne shi kaɗai. Sai ya rage bugawa, ya ɗaga kuɗi. Ni dai shawarata na kaso."

Kowa ya gyaɗa kai. Mai Banda ta gyara zama.

"Malam, ni tambayata ɗaya. Shi, wanne zai fi ƙona shi?"

Mai tabarau ya cire tabaran ya goge. Mutum ne mai gaskiya, gaskiyar ce ma ta ja.

"Na dunƙule zai fi cin ribarsa, Gwaggo. Amma zai fi cin ku ku ma. Na kaso kowa ya fi samun sauƙi, har da shi."

"Har da shi," ta maimaita. Daga nan ba ta sake jin komai ba. Aka ce a je a yi shawara, kuma tunda masu kifi ne suka fi kowa sayen ƙanƙara, abin da layinsu ya ce shi za a bi. Ta fito daga ɗakin nan tana jin ƙafafunta ba nauyi. Ranar da ta daɗe tana roƙo ce aka miƙo mata a faranti.

Shi ma Mai Ƙanƙara labari ya kai masa, sai ya tafka wautar da ta ƙarasa komai. Ya wanke ƙafa ya zo rumfarta da hantsi, cikin farar riga, ya rage tsawo ya gaishe ta. Ya tsufa, tumbi ya fito, amma muryar nan mai zaƙi tana nan.

"Yaya, abin da ya wuce ya wuce. Wannan karon jirgi ɗaya ya ɗauko mu. Ki sa su zaɓi na kaso, ni na huta, ku kun huta."

Ba ta ba shi wurin zama ba. Ta ƙara ɗanyen itace a gangar da ke kusa da shi, ta juya mafici, ta riƙa kora masa hayaƙin a natse, kamar mai lallashin jariri. Yana magana yana tari, hawaye na zuba, farar rigar na shan baƙi. Sai da ya gama tsaf ta ce, "Yaya kajinka? Suna dai samun dusa?" Ya dube ta bai gane ba. Ashe ma ya manta. Wannan mantuwar ta fi mata komai ciwo, ita tana ɗauke da abu shekara da shekaru, shi ko a jikinsa.

Da yamma Auta ta same ta a gida tana tankaɗe a tsakar gida. Ta karɓi rariyar ta ci gaba, don ta san uwarta ba a tunkararta hannu sake.

"Inna, na ji abin da mai tabarau ya ce."

"Kin ji da kyau."

"Ribar da nake samu ba ta fi kuɗin dunƙule ɗaya ba. In ya tashi sosai, ban san inda zan sa kaina ba. Kin kuma san baban yara jira yake."

"Ke yarinya ce. Kin san waye ya cire miki nono daga baki? Kin san dalilin da ya sa aka koro yayanki daga makaranta?"

"Na sani, Inna. Amma ke banda kike yi. Mu ne za mu saya."

Maganar ta daki Mai Banda, don gaskiya ce, ita kuwa ba ta son gaskiyar da ta fito daga bakin 'yar da ta goya. Ta ce ai wahalar 'yan watanni ce, mutumin zai durƙushe, wani ya zo ya kafa inji, kowa ya huta. Ta ce in abin ya yi tsanani, ita tana nan, ba za ta bar 'yarta ta wulaƙanta ba. Auta ta kakkaɓe rariya ta rataye, ta yi mata sai da safe tun rana ba ta faɗi ba.

Kashegari Mai Banda ta bi layi tebur-tebur. Ba ta yi wa kowa ƙarya ba, abin haushin ke nan. Cewa kawai take, "Da bakinsa ya zo ya ce na kaso yake so. Kun taɓa ganin kura ta zaɓa wa akuya makwanci?" In wata ta kawo zancen mai tabarau, sai ta ce, "Kaso daga kuɗin da wa ya faɗa? Shi zai ce ga abin da na sayar. Dunƙule kuwa ko makaho ya tsaya a ƙofa zai ƙirga." Matan nan ba wadda mutumin bai taɓa gasa wa aya a hannu ba, ba wadda bai taɓa mayar wa da kwano don kuɗinta bai cika ba. Ga kuma kunyar abin da suka yi mata a da, wadda ba ta taɓa bari sun manta ba. Da aka zo ɗaga hannu, Auta ce kaɗai ta bar nata a cinya. Uwar ta gani, ta kau da kai.

Harajin dunƙule ya fara aiki, aka ajiye ma'aikaci a ƙofar masana'anta yana ƙirga. Makon farko farashi ya yi tsalle. Mako na biyu Mai Ƙanƙara ya yi abin da ko mai tabarau bai hango ba: tunda harajin ƙaramin dunƙule da na babba ɗaya ne, sai ya kwashe ƙananan mazubai gaba ɗaya ya jibge a sito. Babban dunƙule kawai, wanda sai ƙato biyu ke ɗagawa. Ya kashe inji ɗaya, ya sallami rabin ma'aikata. Abin da ya buga, masu otal da manyan shagunan lemo ke kwashewa tun rana ba ta ɗaga ba, su da ke da mota da kuɗi a hannu.

Matan layin kifi suka koma haɗa kuɗi, su huɗu ko biyar a dunƙule ɗaya, in an samu ke nan. A bakin titi ake sara shi da gatari, cikin rana, ɓarɓashi na tashi, ruwa na bin kwata, ana faɗan wa aka ba ɓangaren da ya fi. Ƙawayen da suka yi shekaru suna cin abinci kwano ɗaya suka daina gaisawa a kan ƙanƙara. Kafin a iso tebur sulusi ya narke. Kafin la'asar kifi ya saki, ido ya yi fari, ƙuda sun samu wurin biki. To ina za a kai kifin da ya fara juyawa? Wurin mai banda. Suka riƙa zuwa da kwanoni a ka, ita ta danna cikin kifin da yatsa, ta buɗe kunnen ta shinshina, ta faɗi kuɗin da ta ga dama, su karɓa don ba yadda za su yi. Gangunanta uku suka zama shida. Ta ɗauki mata biyu aiki, dukansu kuwa da teburinsu a da.

Kada wani ya ce ba ta gani ba. Ta gani ƙwarai, ba wawiya ba ce. Amma kowace safiya in ta bi ta gaban masana'antar ta ji inji ɗaya ne ke ruri, ta hango shi zaune a kan benci ya yi tagumi, rigar ta yi masa yawa, sai wani sanyi ya ratsa ta tun daga ƙirji har tafin ƙafa. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, ta kuma fi ta daɗi. Ta riƙa ce wa kanta saura ƙiris ya faɗi. Ina! Mutumin da shi kaɗai ke da abu ba ya faɗuwa, ramewa kawai yake yi, sauran jama'a su rame tare da shi.

Auta ba ta taɓa kawo mata kifi ba, ko sau ɗaya. In nata ya juya, gara ta ɗauka ta kai wa wata mai banda a can bayan tasha, ko ta zubar. Teburin da a da ba a ganin katakonsa ya koma kwano ɗaya a tsakiya. Rannan uwar ta ƙulle kuɗi a gefen zane ta je ta ajiye mata a kan teburin. Auta ta tura mata abinta a hankali.

"Ba kuɗi nake nema ba, Inna. Ƙanƙara nake nema."

Allah kuma bai bar mata uzuri ba. Mai tabarau ya biyo ta layin wata rana, ya tsaya ya dubi teburan da aka kife. Ya ce mata in layin ya nema, za a iya komawa na kaso, magana ɗaya ce daga bakinta. Ta tsaya da mafici a hannu, ta dubi can inda Auta ke korar ƙuda. Zuciyarta ta ce ki amsa. Sai ta tuna an ce mutumin ya sa babbar motarsa a kasuwa, wadda yake so fiye da 'ya'yansa, ana ta ciniki ba a daidaita ba.

"Bari tukuna, Malam. A ɗan ƙara kwana biyu."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya wuce.

Ranar da labari ya zo cewa motar ta tafi, kuma a wulaƙance aka saye ta, Mai Banda ta aika aka kawo lemon kwalba aka raba wa duk layin. Lemon da ɗumi kamar ruwan wanka, don ina ƙanƙarar? Mata suka karɓa suka yi godiya sama-sama. Ita kaɗai ke dariya, tana ba da labarin yadda aka ce ya tsaya a ƙofa yana kallon motar har ta sha kwana. Tana cikin haka Auta ta iso da kwano a ka, ta sauke a gabanta. Kifin lafiyayye ne, na safiyar ranar, jini ja a kunne.

"Wannan ai bai yi komai ba," in ji uwar. "Mayar tebur, zai sayu."

"Ba tebur, Inna. Na sayar jiya."

Mai Banda ta daina dariya. Auta ta ci gaba.

"Wan baban yara ya aiko da kuɗin mota. Jibi za mu tashi. Wannan ki gasa mana shi da kyau, ya bushe sosai, don hanyar da nisa, yara su samu abin taɓawa."

"Gobe da sassafe zan je ofis. Wallahi gobe. A mayar da shi na kaso, in saya miki wani teburin, wanda ya fi wancan."

"Ki je, Inna. Akwai waɗanda nasu bai mutu ba tukuna." Ta ɗauki gammonta ta warware. "Na ji ya sayar da motar. Barka."

Ba da gatse ta faɗa ba, da ma da gatsen ne, da uwar ta samu abin faɗa. Mai Banda ta sallami ma'aikatan, ta wanke kifin da hannunta, ta jera, ta zaɓi itacen da ya fi bushewa. Ba ta taɓa yin banda mai kyan wannan ba.

Ta je ofis ɗin kuwa. Bayan 'yan watanni aka koma na kaso, ƙananan mazubai suka fito daga sito, injin na biyu ya tashi, farashi ya sauko. Layin kifi ya farfaɗo, shi ma Mai Ƙanƙara ya mayar da tumbinsa, har ya sayi wata motar. Wurin Auta wata baƙuwa ce a kai yanzu, mai fara'a, tana gaishe da Mai Banda da ladabi kowace safiya.

Tana nan a rumfarta har yau, ta fi kowa ciniki a layin. In wani mai ƙarambani ya tambaye ta ko ta yi nadama, sai ta ɗaure fuska ta ce, "Ya dai sayar da motar." In an tashi makaranta, yaran mutane na wucewa da jakunkuna, sai ta ciro 'yar wayarta daga ƙullin zane, ta miƙa wa ta kusa da ita, ta ce a duba mata ko an kira ba ta ji ba.